Lawwali Tozai Biyu, Sakamako Ɗaya

Makarantar Firamare ta Araba,
Illela.
9 ga Nuwamba, 1987.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Cibiyar Karatun Malamai ta Wasiƙa,
Reshen Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

GAME DA AIKINA NA ƘARSHEN SHEKARA DA AKA BAI WA WANI SAKAMAKONSA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Lawwali Maharazu, malamin aji biyar a makarantar da ke sama, kuma ɗalibi a cibiyarku mai neman shaidar malanta mai daraja ta biyu, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka.

1. A ranar 3 ga Agusta na kai aikina na tsarin darasi ofishinku na Illela, hannun akawu Malam Junaidu. Ko karantawa bai yi ba, ya ɗora shi a kan fayil ya ga bai kai tsawo ba, ya turo mini abina. Ya ce ƙa'ida ita ce doguwar takarda fulskaf, ni kuwa na rubuta a gajeriyar takarda mai ƙananan gidaje da ake kawowa daga Ƙwanni, tsallaken iyaka. Ranka ya daɗe, duk wanda ke zaune a Illela ya san ita ce takardar da ake samu a kasuwarmu. Ban yi musu ba. Na ba wani direba saƙo ya sayo mini fulskaf daga Sakkwato, na sake kwafe aikin kaf da hannuna, har yatsana ya yi kanta.

2. A ranar 24 ga watan na koma. Wannan karon tsawon takarda ya yi, sai suna. Na rubuta Lawwali Maharazu a bango, sunana da na mahaifina. Malam Junaidu ya ce shi bai san wannan mutum ba, Lawwali Tozai ya sani. Gaskiya ne haka aka yi mini rajista, domin ranar da aka kai mu firamare hedimasta bai tambayi sunan uban kowa ba, sunan garinmu ya liƙa wa duk yaron da ya fito daga can. Na sanar da shi cewa mu biyu ne masu wannan suna a cibiyarku, ni da wani abokin tasowata, rana ɗaya muka yi rajista, ina gaba yana baya, lambobinmu a ƙarshe kaɗai suka bambanta. Amsar da ya ba ni ita ce, "Mi ya dame ka, Malam? Ai lamba tana raba ku." Na sake bango, na rubuta Lawwali Tozai, na sa lambata a kusurwar hagu ta sama kamar yadda takardar ƙa'idojinku ta umarta.

3. A gabana ya ɗauki abin huda takarda ya huda aikin don ya zura zaren fayil. A kusurwar hagu ta sama ya huda. Na ga ɗan guntun takarda ya faɗo kan tebur, amma na ji nauyin in sake magana a ce na cika ƙorafi. Yanzu na tabbata ƙarshen lambata ne ya faɗo.

4. Da sakamako ya fito a allon ofis ranar 26 ga Oktoba, sai na ga an rubuta wai ban kawo aiki ba. Wancan Lawwalin kuwa ya ci da yabo. Ranka ya daɗe, mutumin nan tun kafin damina ya ajiye alli ya koma fataucin albasa tsakanin Illela da Ƙwanni. Ran Lahadi na same shi a kasuwa yana ɗinke buhu, 'yan rumfarsu sai tsokanarsa suke yi suna kiransa babban malami. Shi da kansa ya riƙe hannuna ya rantse cewa bai rubuta komi ba, rabonsa da alƙalami tun ranar da ya bar aji. Ya ce a kira shi ko'ina zai zo ya faɗa.

5. Na yi ta komawa wurin Malam Junaidu har ya fara juya baya in ya hango kekena. Ya ce fayil ya tafi Sakkwato, abin ya fi ƙarfinsa. Ba na zarginsa da mugunta. Inda aka ce in sa lamba na sa, inda aka koya masa hudawa ya huda, wanda ya tsara ƙa'idar ne bai taɓa riƙe abin hudawa ba.

Abin da ya hana ni zama shi ne, ofishin ilimi ya sanar cewa duk malamin da bai nuna sakamakonsa ba zuwa ƙarshen wannan wata, za a sallame shi. Tun da na ji haka ko darasi ba na iya kaiwa ƙarshe, sai in tsinci kaina a bakin taga ina duban hanya. Yarana na aji biyar sun fara tambaya ko gaskiya ne zan tafi. Ban san abin da zan ce musu ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, ya sa a ciro aikin a buɗe shi. Darasin da ke ciki a kan noman gero ne, da sunan makarantar Araba da sunayen yarana, kuma rubutun irin wanda ke gabanka ne. In an gamsu, a mayar mini da sakamakona kafin wata ya ƙare. Ina kuma roƙon a ɗauke wurin lamba daga wannan kusurwa, don masu zuwa bayanmu.

Wannan takarda a fulskaf na rubuta ta, ita ce ta ƙarshe da ta rage mini. Na sa lambata a dukkan kusurwoyinta huɗu da tsakiya, a huda duk inda aka ga dama.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

Naka mai biyayya,
Lawwali Maharazu,
wanda rajistarku ta sani da Lawwali Tozai, mai alli ba mai albasa ba.