Baba Ya Ƙi Taka Ƙasa

Yamai, 4 ga Maris 1963

Zuwa ga yayana Tanko,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Lami da yara da dukan mutanen Dogondutsi.

Yaya, ƙashin kwankwason Baba ya haɗu tun bayan faɗowarsa daga kan gini, amma har yau bai taka ƙasa ba. Malam Abdulaye, mai koya wa majinyata tafiya a lopital, wato asibiti, kullum sai ya murza ƙafar, ya roƙe shi ya kama ƙarfe ya miƙe. Baba sai ya juya wa bango fuska. Malam ya ce ciwon ya bar ƙashi ya koma zuciya, kuma in aka ƙara jinkiri gwiwar za ta sandare har abada.

Ƙanwarka,
Marta

Yamai, 19 ga Maris

Yaya Tanko,

Ina gaishe ku. Yaya jikin Lami?

Baba ya aika unguwarmu Bukoki a raba kayan gininsa ga maƙwabta. Jiya na ɗaga hularsa zan wanke, sai ƙwayoyin magani suka zubo. Ashe ba ya sha, tarawa yake. Na tambaye shi na mene ne, ya ce, "Maginin da ba ya tsayuwa, me ya rage masa?" Na kai wa likita su. Tun lokacin bai dube ni ba. Ka zo, don Allah.

Marta

Yamai, 2 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ciwon Lami ne ya tsare ka, Allah ya ba ta sauƙi.

Shekaranjiya da rana tsohon da ke gadon kusa, Abdou, ya shaƙe da abinci, ba ma'aikaci a ɗakin. Ina shigowa da ruwa na tarar da Baba tsaye, riƙe da ƙarfen gado, yana dukan bayan mutumin yana ihu. Abdou ya tsira. Baba ya zube, ya yi ta kuka.

Gwiwar ba za ta dawo daidai ba, mun makara. Likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai tukuna. Amma yau da Malam Abdulaye ya shigo, Baba bai juya ba. Ya dube ni, ya ce in miƙo masa takalmansa.

Taka har kullum,
Marta