Layi Uku da Na Cire

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon gwiwar nan? Allah Ya sa kin daina hawa kujera kina kakkaɓe yana.

Yaya, wani abu ne ya tsaya min a rai. Kin san aikina a makarantar nan: ranar taron malamai in zauna a ƙarshen tebur, in rubuta abin da kowa ya faɗa a littafina, in buga shi tsaf. A taro na gaba Mataimakin shugaban makaranta ne ke karantawa, saboda in'inata. Ya ce in aka bar ni, sai an tashi ɗalibai ban gama layin farko ba. Ana dariya, ni ma ina tayawa, yau shekara tara. In ya gama ya tambaya ko da gyara, aka yi shiru, sai a sa hannu, magana ta zauna ke nan.

Wata uku da suka wuce, malamin lissafi, dattijon da muke kira Baba Alli don ba a raba rigarsa da farin garin alli, ya tashi ya ce ƙarfen da ake dafawa a matattakalar bene yana rawa, a gyara. Na rubuta. Washegari Shugaba ya leƙo ofishina ya ce in cire wajen, kada masu makarantar su gani su ce bai iya aiki ba. Layi uku ne. Na cire su daga takardar da na buga.

Ranar Litinin ƙarfen ya ɓalle, wata 'yar aji biyu ta faɗo ta karye a hannu. Baba Alli ne mai lura da benen a makon. Yanzu Shugaba ya rubuta cewa sakacinsa ne, bai taɓa sanar da kowa ba. Korarsa za a yi, saura wata bakwai ya yi ritaya. Littafin da na rubuta da hannu kuwa, da maganar a ciki, yana cikin jakata.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi.

Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu, ta ba ni dariya ta kuma ba ni haushi. Wai in kama bakina, in kuma ba zan iya ba, ki zo da kanki ki sami masu makarantar. Haba Yaya. Tun muna yara haka kike: a tambaye ni sunana, ke ce mai amsawa; a aike ni shago, ki riga ni faɗar saƙon. Na san so ne, ban taɓa shakka ba. Amma shekarata talatin da shida, har yau ban san ƙarshen maganata ba, kullum wani ne ke ƙarasa min ita yadda ta yi masa.

Jiya na ga Baba Alli yana kwashe littattafansa a kwali. Ya gaishe ni kamar kullum, har ya tambaye ni jikin Mama. Ya san na rubuta maganarsa, amma bai roƙe ni komai ba, don bai ɗauka ina da bakin da za a roƙa ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Ranar Alhamis masu makarantar za su zauna da mu. Kada ki zo. Tsoro nake ji ƙwarai, amma zan yi.

Taki, Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya lau, har abinci na ƙara ci.

Na yi, Yaya. Mataimaki ya karanta bayanan, ya tambaya ko da gyara yana riga yana miƙa biro. Na miƙe da littafina a hannu. Kalmar farko ta maƙale a maƙogwarona har na ji agogon bango. Wani ya yi tari, wani ya ƙunshe dariya. Mataimaki ya buɗe baki zai ƙarasa min, sai na ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da mota. Ya yi tsit, ni kaina na yi mamaki.

Karanta layi ukun nan ya ci min kusan minti biyar, amma ban tsallake harafi ɗaya ba. Na faɗi ranar, na faɗi wanda ya sa ni cirewa, na kuma ce ni na cire da hannuna, don laifin ba nasa kaɗai ba ne. Shugaba ya ce rubutun jiya ne na ƙirƙira. Na tura littafin tsakiyar tebur, ga maganar a tsakanin ta mutum biyu, babu wajen cusa ko allura. Sai mai kula da ɗakin karatu ta ce ita ma ta ji da kunnenta, malamai uku suka bi bayanta. Ashe duk jira suke wani ya fara, kuma suka bar wa mai in'ina.

Baba Alli ya maida littattafansa kan kantarsa. Maganar Shugaba tana hannun masu makarantar, amma kafin nan ya huce a kaina: ya mai da ni sito, ina raba tsintsiya da alli. Ko a jikina. Yanzu duk wanda ya zo karɓar kaya sai ya tsaya ya ji ta bakina, komai daɗewa. Na je na duba yarinyar, na roƙi uwarta gafara, da bakina.

Zan zo ƙarshen wata. Alfarma ɗaya nake nema: in na fara magana na maƙale, kada ki ƙarasa min, ko kin san abin da zan ce. Ki jira ni, Yaya. Zan iso.

Ƙanwarki mai son ki,
Auta