Wanda Ya Janye Masu Gadin Honarabul Imurana

Maamobi, Ankara
19 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Awudu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a inda ka ɓuya. Ɗanbala direba, mai kai kayan mota daga Abossey Okai zuwa Kumasi, shi ya ce ya gan ka a Aboabo kana faci a gefen titi. Wayarka a kashe take tun ranar, ni kuma takaba ta hana ni fita, shi ya sa na ɗauki biro.

Jiya aka yi addu'ar arba'in ta mijina. Titi ya cika har bakin kasuwa, amma ƙanin matarsa, shugaban masu gadinsa, bai zo ba. Kowa ya lura.

Bari in gaya maka yadda aka yi, tunda ba ka nan. An sauko daga Juma'a, Honarabul Imurana ya tsaya a ƙofar masallaci yana gaisawa da mutane kamar yadda ya saba. Mutum biyu suka zo a kan okada, na baya ya sauko ya harbe shi sau uku, ya koma ya hau, suka bi ta lungu. Rana tsaka, Awudu, a gaban ɗaruruwan mutane. A tasi ya cika, kansa a cinyar wani mai sayar da turare da bai san shi ba.

Shekara bakwai yana wakiltar unguwar nan a asambuli, majalisar yankinmu. Ya san ana farautarsa tun da ya kawo dokar hana gini a kan babbar gwata. Masu tsaro biyu da aka ba shi an janye su ran Laraba, ba wanda ya ce mana ga dalili. Sai ku uku kuka rage, kai da Moro da Wahab. Ran Juma'a babu ko ɗayanku.

Mutane na cewa an saye ka. Suna cewa ka riƙe shi a zuci tun da dokarsa ta rushe kontenarka ta faci. Ban yarda ba, ban kuma ƙaryata ba, domin ban sani ba. Ni na goya ka lokacin da Umma ta rasu. Ka gaya mini inda kake a ranar.

Ka ba Ɗanbala amsa. Allah Ya tsare.

Yayarka,
Sanatu

Aboabo, Kumasi
26 ga Maris

Yaya Sanatu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ta a bayan shago inda ba kowa. Allah Ya jiƙan Honarabul, Ya ba ki haƙuri. Yaya yara?

Yaya, wallahi ba wanda ya saye ni. Amma ba zan ce miki hannuna fes yake ba.

Da safen Juma'ar mun yi faɗa da shi a ofis. Na sake yi masa maganar mutanen da aka rushe wa shaguna, mu arba'in da wani abu, shekara guda ana cewa za a ba mu wani wuri. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri ba ya faci. Ya yi dariya, ni kuwa na fita raina a ɓace.

Wajen sha biyu sai ga saƙon murya daga Jamiu, sakatarensa. Ya ce Honarabul ya ce in je Kawukudi in ɗauko kanofi da kujeru don taron gobe, kada in damu da masallaci, Moro da Wahab suna can. Dokarmu ita ce ba na barin gefensa sai shi ya faɗa mini da bakinsa. Shi ya kafa dokar, ni na koya wa sauran. Amma ranar ban so in ga fuskarsa ba, sai na ce madalla, na tafi. Ko kiransa ban yi ba.

Da na isa Kawukudi mai kanofi ya ce ba wanda ya yi oda. Ina tsaye muna gardama na ga mutane na gudu suna salati. Na kira Moro, ya ce yana Kokomlemle, Jamiu ya aike shi karɓo takardu, ya ce masa ni da Wahab muna masallaci. Wahab ma haka, an tura shi wani wuri. Mutum ɗaya ya raba mu uku, kowa yana zaton biyu na can.

Da yamma samari suka zo gidana da sanduna suna kiran sunana. Na tsallake katanga, matata Zalia da cikinta wata biyar na aika ta gidan babanta. Ban zubar da wayar ba. Na cire sim, na naɗe ta a leda. Muryar Jamiu na ciki.

Kada ki faɗa wa kowa, don Allah. Jamiu ba shi kaɗai ba ne, bai kai ya janye masu tsaro ran Laraba ba. Ki ƙona takardar nan.

Ƙaninki,
Awudu

Maamobi
11 ga Afrilu

Awudu,

Assalamu alaikum. Yara lafiya, Zuhura ce kawai har yanzu take ajiye wa babanta ƙosai da safe. Ban ƙona takardarka ba, kuma ba zan ƙona ba.

Jamiu! Mutumin da ya ci tuwo a tirena shekara goma sha ɗaya. Shi ya shiga kabari ya karɓi gawar.

Ran Litinin ya zo da mutum biyar, manyan jam'iyya da wasu alhazai biyu masu son gina shaguna a kan gwata. Suka zauna a falo, ni ina bayan labule. Jamiu ya ce sun zo da albishir: za a sa wa titinmu sunan Honarabul, a kafa allo da hotonsa. Na ce na gode. Sai ya ƙara da cewa asambuli za ta zauna a Yuni ta dakatar da dokar gwata, saboda ta jawo gaba a unguwa, kuma zai yi kyau a ce iyalin marigayi sun sa hannu sun amince, don a zauna lafiya.

Na ce, "Jamiu, allon a ina za a kafa shi?"

Ya ce, "A bakin gada, Hajiya."

Na ce, "Wato a gaban shagunan."

Ɗaya daga cikin alhazan ya ce mace mai takaba ba ta ja da maza. Na ce, "Alhaji, takaba ta hana ni fita da ado, ba ta hana ni hankali ba. Ku ɗauki takardarku." Har na buɗe baki zan tambayi Jamiu labarin kanofi, sai na tuna da kai na haɗiye. Ban taɓa haɗiye abu mai ɗaci haka ba.

Ka manta dalilin dokar ne? Shekarar da ruwa ya ci yara huɗu a layin su Anti Indo, Imurana ne ya shiga gwata har ƙirji yana lalube, shi ya fito da na ƙarshe. Ya dawo gida bai ci abinci ba kwana biyu. Tun daga nan bai sake maganar komai ba sai hanyar ruwa.

An kafa kwamitin bincike a kan yadda tsaronsa ya watse. Za su saurari jama'a ran 20 ga Yuni. Moro da Wahab sun ce ba su tuna komai ba. Kai ne kaɗai ka rage, kai ne da wayar. Ka dawo.

Yayarka,
Sanatu

Aboabo
2 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na jinkirta amsa don ban san yadda zan faɗa ba. Ba zan zo ba.

Kin san me ya sa Moro ya manta? An tare shi a Kotobabi da rana, an karya masa yatsu biyu, an ce masa saura takwas. Ɗanbala ya gan shi da idonsa. Kwamiti za su sha ruwan sanyi, su rubuta littafi, su koma gidajensu a mota. Ni kuma in koma ina? Zalia za ta haihu a Yuni. Kina so a raɗa wa ɗana suna ba ni?

Kuma tunda gaskiya muke faɗa, bari in faɗi tawa. Ke kin san Honarabul a gida, mu mun san shi a titi. Dokarsa ta yi daidai, ban musa ba. Amma buldoza ta fara ne da kiyos ɗin masu koko da masu faci, benen alhazai kuwa aka ce sai kotu ta yanke. Anti Indo da kike magana, jikokinta ruwa ya ci, kuma teburinta aka fara ɗagawa. Yau tana talla a ka, da shekarunta. Kina zaton mutanen nan za su fito su mutu saboda doka? Wasu sun yi kuka ran jana'iza, wasu sun yi shiru, kin san dalili.

Na ƙaunace shi, Yaya. Shi ya fitar da ni daga cikin 'yan daba ya ba ni aiki. Kullum in na rufe ido sai in ga ƙofar masallacin, in ga inda ya kamata in tsaya. Amma ya riga ya tafi, ni ina da rai. Ki karɓi titin da allon, ki rene yaranki.

Ki yafe mini.

Awudu

Maamobi
9 ga Yuni

Awudu,

Assalamu alaikum. Na yi fushi da takardarka har na ajiye biro wata guda. Yau na ɗauka saboda abubuwa biyu.

Na farko, ka yi gaskiya. Na buɗe jakar Imurana da ban taɓa ba tun rasuwarsa. Akwai takardar filin da aka ware muku a gefen Kawukudi, da sunayenku arba'in da uku, naka na goma sha bakwai. Ya sa hannu tun Nuwamba, ya ba Jamiu ya kai, ya rubuta masa tuni sau biyu. Ba a kai ba. Ba na wanke shi. Ya kamata ya samar muku wuri kafin ya kira buldoza, ya kamata ya bi takardar da ƙafarsa, bai yi ba. Wannan laifinsa ne, kuma zan faɗa a gaban jama'a.

Na biyu, ran Talata da hantsi aka yi ruwa awa biyar. A layinmu, inda aka buɗe gwata, ruwa ya wuce bai shiga ɗakin kowa ba. A ƙasan gada kuwa alhazan ba su jira asambuli ba, sun riga sun zuba siminti. Ruwa ya dawo baya ya cika gidaje. Malam Ɗanjuma tela, wanda ƙafarsa ta shanye, an same shi a kan keken ɗinkinsa. An binne shi ran Laraba.

Ran Alhamis mata suka cika tsakar gidana, har da waɗanda ba su zo ta'aziyya ba. Anti Indo ce a gaba. Ta ce, "Sanatu, mijinki ya ɗaga mini tebur, ban yafe ba tukuna. Amma in za a je wurin kwamitin nan, ni zan riƙe miki jaka." Na karanta musu sunayen arba'in da ukun. Sun ce dokar ta tsaya, filin kuma a ba su. Za mu je asambuli da wannan.

Takabata za ta cika ran 18. Ran 20 zan tsaya gaban kwamiti in kira sunan Jamiu. Ba zan nuna takardarka ba, ba zan ambace ka ba, wannan alkawari ne. Za su ce ina shaida, in ce babu. Za su ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wataƙila su kai ni kotu, wataƙila su yi abin da ya fi haka. Na riga na tura yara wurin kakarsu a unguwar Madina. Amma sunan zai shiga kunnen mutane, kuma ba a cire suna daga kunne.

Ban rubuto don in ja ka ba. Na aika gidan su Zalia da saƙo ta hannun Anti Indo, lafiyarta ƙalau, sun ce ko yau ko gobe. Ka zauna inda kake, ba na riƙe da kai a zuciya.

Yayarka,
Sanatu

Abossey Okai
19 ga Yuni

Yaya,

Salam. Ina Ankara, na sauka ɗazu a motar Ɗanbala. Zalia ta haihu ran Lahadi, mace, kin riga ni ji.

Na kunna wayar. Na tura muryar ga liman, da lauya, da gidajen rediyo biyu, da mutum talatin da ban zaɓa ba. Yanzu ko sun karya yatsuna goma, ta riga ta fita. Daga nan na kira Jamiu na ce masa ni ne, gobe da safe ina zuwa. Ina jin numfashinsa har na kashe.

Ƙarfe takwas zan tsaya a ƙofar gidanki. Kada ki nemi mota. A ƙafa za mu je, ta babban titi, kowa ya gan mu. Ki bar ni in fara magana, domin kafin in kira sunansa sai na faɗi nawa laifin.

Ƙaninki,
Awudu