Gwandar Inna da Jinin Sale

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Bayan haka, cikin alhini nake sanar da ke rasuwar gwandarki ta bayan ɗaki, bayan gajeruwar jinya. Ni na kashe ta, kuma ga yadda aka yi.

Tun bara ƙodar autanki Sale ta gaza. Likita ya ce jajayen ƙwayoyin jini suna da nasu masu gadi, da ke kare su daga wani abu mai kama da tsatsa. In ƙoda ta kasa tace datti, sai masu gadin su jigata, ƙwayoyin su riƙa mutuwa da wuri. Shi ya sa Sale ya ɗashe, daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. An hana shi kanwa da kowane irin jiƙo, in ba haka ba sai wankin ƙoda.

Sai ga 'yan dubiya. Inna, kowa a Kankia ya zama likita. Kawu Audu ya taso tun daga Fakuwa, wai tunda tsatsa ce, ga kanwa da tsamiya. A tsohon galan ya zubo, kumfa a sama, warinsa kamar kwata. Wata ta kawo na mai lasifikar kasuwa, wanda ke maganin komai har da talauci. Kin san Sale ba ya iya ce wa babba a'a. Ya toshe hanci ya shanye, ya wuni yana amai.

Na zazzage musu duk karatuna. Suka ce boko ya ci ni, suka koma zuwa in na fita aiki.

Nan na tuna jinyar Baba. Kikan karɓi magani da hannu biyu, ki raka baƙo har ƙofa da godiya, ki zagaya baya ki tuttular. Kina cewa, "Sun sami ladarsu, shi kuma a bar masa cikinsa." Ni kuwa ina kiran abin munafunci.

Yanzu ni ke tare su a zaure, da hannu biyu. Gwanda ta shanye rabon Sale, ganyenta ya ƙone ƙurmus. Shi kuwa jiya ya taka har masallaci.

Ba munafunci ba ne, Innata, ni ne ban gane ba. Allah ya haskaka kabarinki, ya bar mana Sale.

Ɗanki mai yawan surutu,
Lawal