Na Lulluɓe Kekunan Ɗinki da Zanin Gado

Malama, ki agaza mini da shawara, domin na yi ƙarya, kuma ta hana ni sakat.

Shekarata arba'in da bakwai, ɗinki nake yi a ɗakin baya na gidanmu. Da keke ɗaya na ƙafa na fara. Yau kekuna uku ne masu aiki da wuta, ga dutsen guga da ba ya hucewa daga hantsi zuwa la'asar. Mata biyu ke aiki tare da ni: ƙanwar maigidana, da wata maƙwabciya da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu.

Wata biyu ke nan kamfanin wuta ya turo ma'aikaci yana bin gidaje, yana tantance mitar gida da ta sana'a, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. Da na ji yana maƙwabta, sai na sallami matan, na lulluɓe kekunan da zannuwan gado, na jera kwanuka a kai. Ya tambaye ni ko ana sana'a a nan, na ce ɗan ɗinkin yara ne kawai. Ga ƙyallaye zube a ƙasa. Ya dube su, ya dube ni, ya rubuta mitar gida, har ya rusuna ya yi mini godiya yana kira na Mama. Wannan girmamawar ce ta fi ƙona mini rai.

Ni ce mai auna yadi sau biyu don kada taƙin wani ya maƙale a hannuna. Ƙanwar maigidana dariya take mini, wai kamfanin da ke ɗauke wuta babu sallama ana tsakiyar ɗinkin wuyan riga, shi ya kamata ya zo neman gafarata. Da gaskiyarta, amma laifin wani ba ya wanke nawa. Sai dai ina tuhumar zuciyata: tsoron Allah ne ke damuna, ko kunyar mutumin ya gane ni?

Na yi wa Ubangijina alkawarin zuwa ofishinsu in faɗi gaskiya kafin wata ya ƙare. Sau biyu na je. Na farko na zauna a benci har layi ya kusa zuwa kaina, na biyu ko ƙofa ban wuce ba. An ce farashin masu sana'a ninki ne. In haka ne, dole keke ɗaya ya tsaya, kuma na maƙwabciyar ne, ita ce ta zo daga baya. Wata ya ƙare. Ban cika alkawarin ba.

Mai ɗinki

Amsa

'Yar'uwa, ƙarya dai kin yi, ba zan sauya mata suna ba. Amma wadda ba ta son tuba ba ta zaman benci.

Abin da ya kore ki daga layi shi ne "an ce". Wa ya ce? A wurare da yawa kamfani ba ya yanka farashi da ka. Akwai hukumar da ke duba abin da ake kashewa wajen samar da wuta, da kawo ta, da gyaran layuka, sannan ta amince da jadawalin farashin da ake bugawa kowa ya gani. Galibi gida daban, ƙaramar sana'a daban, masana'anta daban. Wani wuri tazarar da yawa, wani wuri kaɗan ce, wani wurin ma yawan awannin da ake samun wuta ake dubawa. Ban san naku ba, ke ma ba ki sani ba. Kada ki sallami uwar marayu a kan jita-jita.

Ki nemi jadawalin, ki ga rukunin da kekuna uku suka faɗa. Ki tambaya ko za a raba miki mita, don kada fankar ɗakin kwana ta sha wuta da farashin shago. Ki tambayi hukuncin watannin da suka wuce tun kafin a tambaye ki. Dutsen guga ya fi kekunan cin wuta nesa ba kusa ba, saboda haka a tara guga a yi ta lokaci ɗaya. Abin da ya ƙaru kuma, ki raba shi a kan kuɗin ɗinki; mai son aikinki ba zai gudu ba.

Ƙanwar maigidanki ma ba ta yi kuskure duka ba. Wanda ya biya daidai yana da bakin kai ƙara kan ɗauke wuta, ga kamfani, in bai ji ba ga hukuma.

Ki zaunar da maƙwabciyar ki faɗa mata komai. Abincinta ne, tana da ta cewa, wataƙila ma ita za ta raka ki. Idan rantsuwa kika yi, malami zai gaya miki abin da ke kanki. Wa'adin ne ya wuce, ofis yana nan. Ki je ranar Litinin da safe.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya bar kekunan uku suna juyawa.