Ba Motarka Ke Shan Mai Ba

Baba,

Na fita kana barci, aikin safe gare ni.

Gwajin da na matsa mu yi ya ƙare. Mun yi musayar mota ne don in nuna maka tsohuwar taka zuƙar mai take yi, a sayar kowa ya huta. To, a hannuna taka ba ta sha abin kirki ba. Tawa kuwa, da nake cika baki da ita, ka dawo min da ita tanki a bushe.

Jiya na bi ta makarantar da Mama ta koyar, lokacin tashi. Na ga motata a bakin ƙofa, inji a kunne, kana ciki kana kallon malamai suna fitowa. Ashe can kake zuwa kullum tun rasuwarta. Ni kuma ina ta yi maka ihun lita da kilomita a gaban ƙannena.

Ka yafe min. Na ce wa dillali kar ya zo. Makullinka na kan firji, na cika maka tanki.

Yau ka jira ni mu tafi tare. A baya zan zauna, gaba wurinta ne.

'Yarka mai baki