Ido Biyu, Riga Ɗaya

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Rifkatu mai yi min wanki ta sake ɓata min riga. Farar shaddata ta Juma'a, wadda matata marigayiya Hajjo ta saya min, ta dawo daga wanki ruwan ɗorawa, kamar an tsoma ta a shayi. Na nuna mata. Ta ɗaga rigar a rana ta ce, "Baba, fara ce tas."

Ni za a gaya wa fari! Shekara talatin da ɗaya na yi a sashen rini na masakarmu a Sharada kafin a rufe ta. In an haɗa launi, sai an kawo min ƙyalle na duba a bakin taga. In na ce bai yi ba, a zubar a sake. Mijin Rifkatu ma, marigayi Gidiyon, a hannuna ya koyi aiki.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban ga kowa ba. Na ɗauko littafin falsafar da muka karanta a ajin yamma a shekarar saba'in da huɗu, ina bi da gilashin ƙara girman rubutu. Babin farko: me ka sani, me kake zato kawai, kuma yaya za ka raba su? Ga misalin sandar da ake tsomawa a ruwa, ka gan ta a karye alhali lafiyarta lau. Malaminmu yana son misalin nan, wai ido ba abin dogaro ba ne. Na ce masa wannan matsalar idon da bai samu horo ba ce. Har yau ina kan bakana.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na sallame ta.

Riguna uku ta kawo, duk sun dafe. Na ce da ruwan kwatar kamfanonin fata na Challawa take wanke min kaya, sabulun da nake ba ta kuma ta kai gidanta. Ta ajiye kwandon a hankali. "Baba, shekara shida ina shiga gidan nan. Ko allura..." Ba ta ƙarasa ba. Sai da ta kai ƙofa ta juyo: "Maganinku yana kan taga. Farin na safe ne, kada ku haɗa shi da ɗayan."

Ko wajen fita sai da ta tsokane ni da fari.

Talata, 15 ga Yuli

Duk mai shirin yi maka ƙarya a garin nan da "gaskiya" yake buɗe baki. Mai adaidaita: gaskiya mai ya tashi. Mai nama: gaskiya na yau ne. 'Yata Zuwaira ta bugo daga Kaduna: "Gaskiya Baba ba ku kyauta ba." Mutane sun yi shekara dubbai suna neman abin nan, wasu har ransu suka bayar, mu mun mayar da shi gyaran murya.

Zuwaira ta ce wa zai riƙa leƙo ni yanzu. Na ce ban ɗauki mai leƙe ba, mai wanki na ɗauka. Na kashe wayar.

Ƙwayoyin nan biyu, kamfanin ya mayar da su launi ɗaya. Sakarci.

Asabar, 19 ga Yuli

Tireloli kawai ke wucewa. Gari na jiƙa na sha.

Litinin, 28 ga Yuli

Jiri ya kayar da ni a banɗaki ranar Alhamis, wai na sha na safe sau biyu. Zuwaira ta zo, ta ja ni asibitin ido kamar akuya. Likitan, ina da hular da ta girme shi. Ya ce yanar ido ce ta fito min a idanuna biyu, kuma irin wannan tana rina wa mutum duniya ruwan ɗorawa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, bai sani ba.

Na ce, to in abin da zan duba da shi ne ya lalace, da me zan duba in gane ya lalace? Ya yi dariya. "Da idon wani, Baba."

Rashin kunya. Na yarda a yi aikin don in kunyata su gaba ɗaya.

Talata, 5 ga Agusta

An yi aikin idon dama. An liƙe shi da auduga.

Laraba, 6 ga Agusta

An cire audugar. Muna dawowa gida na sa Zuwaira ta fito da rigar tsakar gida.

Na rufe na hagu: fara, har tana kashe ido. Na rufe na dama: ruwan shayi. Na yi haka ya fi sau ashirin. Kai ɗaya, shaidu biyu, kowa na rantsuwa. Kuma na hagun bai san yana ƙarya ba, da zuciya ɗaya yake faɗa. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Da maƙaryaci ne da na san yadda zan yi da shi.

Tun yaushe? Mayafin Hajjo na ƙarshe da na ce mata ya koɗe, ta daina sawa...

Takardun littafin dai da kowane ido na duba sun yi rawaya. Aƙalla wannan na faɗa daidai.

Zuwaira ta ninke rigar ta mayar ɗaki. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Litinin, 11 ga Agusta

Zuwaira ta koma jiya. Yau na hau adaidaita zuwa Challawa, hanyar duk ramuka, da likita ya ji da ya yi faɗa. Na samu Rifkatu tana shanya kayan wasu mutane. Ta gaishe ni, ta ba ni kujera, ba ta zauna ba.

Na ce, "Rigar nan fara ce."

"Na sani, Baba."

"Sabulun kuma..."

"Shi ma na sani."

Ba haƙuri na je bayarwa ba, bayani na je gyarawa. Ta ce yanzu tana wanki a gidaje biyu a Bompai, amma Laraba za ta duba in da hali. Ba ta ce za ta zo ba.

Na tsaya a hanya na sayi sukari. Ni an hana ni sha, Rifkatu ce mai zuba shi a shayi. Gida dai bai kamata ya zauna babu sukari ba.